Ciwon Ƙagewa da Raunin Tsoka: Abin da ke Faruwa Cikin Ƙwayoyin Jiki

Wannan takarda tana bayani ne a kan ciwon da likitoci ke kira miyotonik distirofi nau'i na 1, wanda wani likitan Jamus, Hans Steinert, ya bayyana a 1909. Yana cikin ciwace-ciwacen raunin tsoka na gado da suka fi yawa ga manya.

Mene ne sanadinsa?

Ƙwayar halitta tana da cibiya, inda umarnin gado yake ajiye. A 1992 aka gano cewa matsalar tana cikin ƙwayar gado mai suna DMPK. A cikinta akwai wani guntun rubutu, CTG, wanda ga mai lafiya ba ya maimaituwa fiye da sau 37. Ga mai ciwon kuwa yakan kai sau 50, wani lokaci har dubbai.

Yaya wannan ke taɓa tsoka?

Kafin jiki ya ƙera furotin, sai an kwafi umarnin cikin saƙo, wato RNA, an gyara shi, sannan ya fita daga cibiya. Cikin masu wannan gyara akwai furotin MBNL1, wanda ke kai-komo tsakanin cibiya da sauran sassan ƙwayar. Saƙon DMPK da ya yi tsawo ba ya iya fita. Sai ya dunƙule a cibiya, ya riƙe MBNL1 kamar tarko. Da haka saƙonni da dama ke fita babu gyaran da ya dace.

Ɗaya daga cikinsu shi ne na ƙofar da sinadarin kulorayid ke bi don tsoka ta saki. Shi ya sa hannu ke jinkirin buɗewa bayan damƙa. Ciwon kuma yana iya taɓa bugun zuciya, ya kawo yanar ido ko ciwon sukari.

Me ya kamata ku yi?

Har yanzu babu maganin da ke warkar da ciwon, amma ana rage wahalarsa.

Ku zo gwajin bugun zuciya kowace shekara, ko da ba ku jin komai.

Ku sanar da likita kafin kowace tiyata, domin maganin sa barci yana iya zama haɗari gare ku.

Idan kuka suma, ko bugun zuciya ya rikice, ku nemi taimakon gaggawa.

Duk ɗan da mai ciwon ya haifa, yiwuwar ya gaje shi kashi 50 ne cikin 100, kuma yakan bayyana da wuri ga 'ya'ya fiye da iyaye. Ku nemi ganin mai ba da shawara kan cututtukan gado. Kuna iya neman tafinta.