Malam-buɗe-littafi da Lemun Tsamin Uwargida

Uwargida, ko kin taɓa lura da wani babban malam-buɗe-littafi, baƙi mai ɗigon rawaya, yana shawagi a kan dashen lemun tsaminki? A garuruwan Batsari da Safana, tun daga Ruma har Runka, da zarar damina ta kankama za ki gan shi a tsakar gida da lambu. Kyakkyawa ne, amma fa ba yawon banza ya kawo shi ba.

Masana suna kiran sa Papilio demodocus, sunan da aka raɗa masa tun 1798. Faɗin fukafukansa yakan kai santimita 10. Ana samun sa a kusan dukkan ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, har Madagaska da kudancin ƙasar Larabawa. A Afirka ta Kudu ya fi yawa a watan Disamba, lokacin zafinsu. A nan wajenmu kuwa damina da kaka ne lokacinsa, sa'ad da lemo ke fitar da sabon toho. Da rani yakan ragu, sai dai a lambunan ban-ruwa da gidajen da ake shayar da itace.

Macen tana saka ƙwai ɗai-ɗai a kan ganye mai taushi, cikin mako guda tsutsa ta fito. Tana ƙarama kamanninta sak kashin tsuntsu, shi ya sa idon uwargida ke tsallake ta. In ta girma sai ta koma koriya, ta saje da ganyen. Babbar bishiya takan jure, amma ƙaramin dashe tsutsotsi kaɗan sun isa su yi masa ƙwal.

To, mene ne mafita? Kada ki yi saurin ɗauko ota-fiya-fiya. Guba ce, ga yara suna rarrafe, ga kaji suna kiwo a gindin itacen. Maimakon haka, sau biyu a mako ki duba sabon toho da safe, ki tsince ƙwai da tsutsa da hannu. In kin taɓa ta, za ta fito da wasu ƙahoni biyu masu wari. Kada ki tsorata, ba ta harbi.

Ki kira yara su taya ki. Ga aiki, ga darasi a kan hikimar Mahalicci. Allah Ya sa mu sha lemon da muka dasa.