Wa'adin Digiri Na Biyu Da Na Uku: Abin Da Ake Gani Daga Terminus

Duk wanda ya saba ratsa Terminus a garin Jos da yamma, tsakanin Titin Ahmadu Bello da Titin Murtala Mohammed, ya san shagunan buga takardu da ɗaurin littafi da ke lafe a bayan masu gwanjo. Sau da yawa za ka tarar da magidanci, furfura ta soma tsiro masa, ya rungume jakar kwamfuta yana jiran a fitar masa da babi na huɗu na kundin bincikensa. Malamin sakandare ne, ko ma'aikacin jinya, ko ƙaramin malamin jami'a. Yaron shagon kuwa tambayarsa ɗaya ce: "Yallaɓai, kashi nawa ya nuna?" Yana nufin sakamakon manhajar da ke auna yawan abin da kundi ya kwaso daga rubutun wasu. Wannan tambaya ta isa ta nuna yadda dokokin karatun gaba da digiri na farko suka ƙara tsauri a jami'o'inmu.

Jami'ar Jos ta soma ne a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan, ta tsaya da ƙafarta a 1975, kuma tsohuwar harabarta ta cikin gari tana nan kusa da Terminus. A wancan zamani masu neman digiri na biyu ba su da yawa, malami ya san ɗalibinsa ciki da waje. Yau jami'o'in Najeriya sun haura 250, kowacce tana neman malamai masu digirin digirgir. Tun zamanin da Farfesa Julius Okojie yake shugabantar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, daga 2006 zuwa 2016, aka matsa cewa malamin jami'a sai da digiri na uku. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta sake wa fasali, ya riƙa ɗaukar nauyin malamai su ƙaro karatu. Ga kuma matasan da suka gama bautar ƙasa aiki ya ƙi samuwa, suka ga gara komawa aji da zaman kashe wando. Taro ya yi yawa, masu duba aiki ba su ƙaru daidai da shi ba.

Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kundaye suka soma maimaita juna, wasu ma aka riƙa saye da sayarwa. Jami'o'i suka mayar da martani da dokoki: wa'adin da ba a ƙetarewa, sabunta rajista kowace shekara, tantance kundi da manhaja irin su Turnitin, da sharaɗin wallafa maƙala a mujallar ilimi kafin mai digiri na uku ya kare aikinsa gaban mai jarrabawa daga waje. Ina goyon bayan manufar. Na ga kundin da aka ɗauko sukutum daga wata jiha, aka canza sunan ƙaramar hukuma kawai, aka manta sunan kogin da ke shafi na goma sha biyu. Irin wannan ya ragu, kuma ɗalibai da dama sun koyi ambaton wanda suka ɗauko maganarsa, abin da da can ba sa ɗauka da muhimmanci.

Sai dai kowace doka ta haifi kasuwarta. Manhaja kalmomi take kwatantawa, ba ta auna tunani, don haka sana'ar "rage kashi" ta samu: a juya jimla, a musanya kalma da 'yar'uwarta, har adadin ya sauko ƙasa da iyakar da aka gindaya. Kundin ya wuce, amma ya fi na farko muni, domin wani lokaci ko mai shi ba ya gane abin da ya ce. Sharaɗin wallafa kuma ya ciyar da mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga maƙala cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ta ba. Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. Wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, Jeffrey Beall, ya shafe shekaru yana tattara sunayen irin waɗannan mujallu kafin ya rufe jerin nasa a 2017.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wa'adi. Ana ƙidaya wa ɗalibi zangon karatu ɗaya bayan ɗaya, amma ba shi ke riƙe da akalar lokacin ba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. A Jos akwai ƙari a kan haka. A Oktoban 2016 gobara ta cinye ɗakin karatun jami'ar da ke Naraguta, littattafai masu yawa suka ƙone. A Agustan 2021, bayan kisan matafiya a hanyar Rukuba, aka sa dokar hana fita, aka dakatar da karatu, gwamnatocin jihohi suka kwashe ɗalibansu. Ko da hukuma ta ɗage kalandarta, mai binciken da ya tsara zuwa ƙauyuka tattara bayanai ya riga ya rasa damina guda, kuɗin hayarsa ya ƙare, hutun karatun da ma'aikatarsa ta ba shi ya cika.

Sannan ga jiran mai duba aiki, wanda ɗalibai a faɗin ƙasar nan ke kuka da shi. Wata ƙanwata da ke karatu a wata jami'a ta miƙa babi uku kafin azumi, ba ta gan su ba sai bayan Babbar Salla, da jan biro a shafi biyu kacal. Ba na ɗora wa malamin laifin duka. Yana koyar da ɗaruruwan 'yan digiri na farko, yana zaman kwamiti, abokan aikinsa sun tafi ƙasashen waje sun bar masa ɗalibansu, albashin kuma ba ya kai ƙarshen wata. Amma da wa'adinta ya matso, ita aka aika wa takardar gargaɗi, ita ta sake biyan kuɗin rajista.

A jami'o'i da dama na Ingila ana rubuta kowace ganawa tsakanin ɗalibi da mai duba aikinsa, da kwanan wata, su biyun su amince da abin da aka rubuta. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Makarantar karatun gaba da digiri za ta iya cewa babin da aka miƙa ya dawo cikin mako shida, idan ya wuce haka a daina lissafa wa ɗalibi kwanakin, a kuma ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗora wa malami guda tun daga ranar ɗaukarsu. Takarda ɗaya ce mai layi biyu, ranar miƙawa da ranar dawowa, kuma kowane shago a Terminus zai iya buga ta.