ƊAN HAKIN DA KA RAINA: WAKILIN SUNA, AIKATAU DA 'YAN RAKIYA A INGILISHI

Kwanakin baya aikin duba makarantu ya kai ni ƙasar Kwatarkwashi, garin nan da ke gindin dutse a kan hanyar Gusau zuwa Tsafe. Na shiga aji shida na wata makarantar firamare, na tambayi wani yaro da Ingilishi ko mene ne sana'ar ubansa. Ya miƙe, ya ce, "My father he is farmer." Malamin ajin ya daka masa tsawa, yaro ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ban ga laifinsa ba, gama Hausa ce tsantsa ya yi da kalmomin Turawa, watau "Ubana shi manomi ne." Ya ƙara kalmar da ba a bukata, ya zubar da wadda a ke bukata. Abin da ya kamata ya ce shi ne "My father is a farmer."

Wani zai ce ai ƙaramin abu ne, tun da an gane nufinsa. To, a saurara. Na taɓa ganin rahoton da wani hedimasta ya aiko ofis a kan waɗansu kuɗi da suka ɓace. A farkon takarda ya ambaci malamin aji huɗu, domin shi ya fara lura ba kuɗin. Can ƙasa ya rubuta, "The teacher took the money." Nufinsa wani malami ne daban ya ɗauka, wanda ba a tabbatar da ko wane ne ba. Amma duk wanda ya san Ingilishi in ya karanta, zai fahimci malamin da aka riga aka ambata a ke nufi. Aka aika wa bawan Allah takardar neman ba'asi, ya yi mako uku cikin baƙin ciki kafin gaskiya ta fito. Da hedimasta ya rubuta "A teacher," da ba a kai nan ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A zamanin En'e yawancin takardun gunduma da Hausa a ke rubuta su, akawu kaɗan ne su ke fama da Ingilishi. Waɗanda suka ƙware a cikinsa kuwa, irin ɗaliban Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, ba su da yawa. Cikinsu har da Sardauna Ahmadu Bello, wanda aka turo Gusau a 1938 ya lura da gundumomin gabashin Sakkwato. Tun da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976 aka kawar da En'e, al'amari ya sake. Yau rahoto da wasiƙar ofis da takardar neman aiki duk da Ingilishi ne, kuma ba yaron da zai shiga jami'a sai ya ci shi a jarrabawa. Saboda haka ya wajaba mu san inda harsunan biyu suka rabu.

WA KE ƊAUKE DA LOKACI?

A Hausa wakilin suna shi ne mai ɗaukar kaya. Dubi waɗannan: ya shuka gero, yana shuka gero, zai shuka gero, ya kan shuka gero. Kalmar "shuka" ba ta motsa ba ko kaɗan, ɗan abin da ke gabanta shi ke gaya mana ko an yi, ko ana yi, ko za a yi. A Ingilishi kuwa akasin haka ne. "He" yana nan daram, aikatau ne ke sake kama: he planted, he is planting, he will plant, he plants.

Daga nan kurakurai biyu su ke fitowa. Na farko, da ya ke Bahaushe ba ya iya cewa "Audu tafi," sai "Audu ya tafi," yaro ya kan ji jimla ba ta cika ba sai ya ce "Audu he went." A Ingilishi suna da wakilinsa ba su zama kujera ɗaya, in Audu yana nan wakili ya ba da wuri. Na biyu, da ya ke yaro bai saba taɓa aikatau ba, sai ya bar shi yadda ya same shi, ya ce "yesterday he go," ko "she have."

Haka kuma "ne" da "ce." Mu jinsi mu ke dubawa, mu ce malami ne, malama ce, ko kuwa malami na, malama ta, kamar yadda mutanenmu na Zamfara su ke faɗi. Bature ba ruwansa da jinsi a nan, mai magana ya ke dubawa: I am, he is, she is, we are. Kai da ke da ku duka "you" ne, kuma kullum "are" ke bin sa ko da mutum guda a ke yi wa magana. Sa'an nan ga "it," wanda ba mu da irinsa. A wurinmu dutse namiji ne, mota mace ce, gari ma in an kira sunansa mace ne, mu ce Gusau ta cika. A Ingilishi duk waɗannan "it" ne.

'YAN RAKIYAR SUNA

Mu komo kan ƙananan kalmomin nan, a da an da the, waɗanda na ke kira 'yan rakiya, domin gaban suna su ke tafiya. An daɗe ana gaya wa yara wai Hausa ba ta da irinsu. Wannan magana rabin gaskiya ce. A duba: "Wani mutum ya zo da akuya. Akuyar ta tsinke. Mutumin ya bi ta." Da farko mun ce wani mutum, da muka sake ambatonsa muka ce mutumin. Da farko akuya, daga baya akuyar. Haka Bature zai yi: "A man came with a goat. The goat broke loose. The man followed it." Ashe "the" aikin ɗan harafin nan ya ke yi wanda mu ke liƙawa a ƙarshen suna, "a" kuwa ɗan'uwan wani da wata ne.

Wanda ya yi karatun zaure ma ya riga ya san wannan, gama shi ne nakira da ma'arifa a nahawun Larabci. Alif da lam ɗin nan har sun biyo kalmomi sun shigo Hausa, kamar alƙali da alƙalami. Malamin da ya fara darasi daga nan ya rage wa kansa rabin wahala.

Inda gizo ke saƙa shi ne, Hausa ta yarda suna ya fita shi kaɗai. Mu kan ce "na sayi doki," ko "Sarki ya fito," ba wani ɗan rakiya, mai ji ya gane daga yanayin magana. Ingilishi bai yarda ba. Duk abin da a ke iya ƙirgawa, in guda ɗaya ne, ba ya fita ba rakiya: I bought a horse, the Emir came out, he is a clerk. Sarki ya sami "the" tun daga ambaton farko domin kowa a ƙasar ya san wanda a ke nufi, kamar rana da wata. Sunayen mutane da na garuruwa irin Bunguɗu da Tsafe ba su bukatar kowa.

Asalin kalmomin ya kan taimaka. "An" ta fito ne daga kalmar da ke nufin ɗaya a tsohon Ingilishi, "a" kuwa ita ce aka gutsure. Shi ya sa ba a cewa "a water" ko "a millet" ko "a money," gama ba mai cewa ruwa ɗaya ko gero ɗaya in yana nufin abin sha da abin ci. Zaɓi tsakanin "a" da "an" kuma kunne ke yin sa, ba ido ba. A kan ce an hour domin ba a furta harafin farko, amma a university domin da sautin "y" ta fara.

Akawu su lura da wannan kuma. "Few pupils passed" kuka ne, watau kusan ba wanda ya ci. "A few pupils passed" kuwa akwai ɗan alheri, waɗansu sun ci. Haka "little rain" da "a little rain" cikin rahoton damina. Harafi guda ya raba fari da yayyafin da ya ceci shuka.

SHAWARA GA MALAMAI

Kada a koya wa yaro suna tsirara. In za a rubuta kalma a allo, a rubuta a hoe, an egg, tare da ɗan rakiyarta, ta shiga kansa haka. Kada kuma a raba ukun nan, a bar bakinsa ya saba da su a haɗe: I am a pupil, she is a trader, he has a farm, it is a rock. In sun zauna, a ba shi ɗan labari na jimla uku da Hausa irin na akuyar nan, ya juya, ya nuna da yatsa inda "wani" ya koma "a," da inda "mutumin" ya koma "the man." Minti 10 kowace safiya sun isa. In ya yi kuskure, kafin a yi tsawa a tambaye shi yadda zai faɗa da Hausa, sau da yawa nan za a ga tushen abin.

Ku kuma ma'aikatan ofis, kafin ku sa hannu a takarda, ku bi kowace "the" ku tambayi kanku, shin mai karatu ya san wanda na ke nufi? In bai sani ba, "a" ce wurin. Wannan ɗan jinkiri ba zai ci muku minti biyu ba, ga shi kuwa yana iya tsare mutuncin wani.

Kafin in bar ajin nan na Kwatarkwashi na nuna dutse ta taga, na ce wa yaron ya gaya mini abin da ya gani. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "It is a rock. The rock is big." Malaminsa ya yi murmushi, ya ce ya zauna. Allah ya yi wa yaranmu buɗi, amin.