Musa Ɗanƙwairo: Daga Gangar Noma Zuwa Kotson Fada

Kafin sarakuna su san Musa Ɗanƙwairo, manoma ne suka fara saninsa. An haife shi a Bakura wajajen 1909, a gidan Usman Ɗankwanda, makaɗin noma, kuma a bakin kunya ya koyi sana'a, yana bin mahaifinsa wurin gayya tare da yayansa Abdu Kurna. Duk wanda ya ga gayya a ƙauyukan Anka, Gummi ko Bukkuyum ya san aikin makaɗi a wurin. Samari sun duƙa, ƙura ta tashi, shi yana biye da su da ganga. In ya yi sanyi fartanya ta yi sanyi, in ya yi wa wani kirari da sunan kakansa sai ka ga ya bar sa'o'insa a baya.

A ganina wannan horon ne ya bambanta shi da sauran makaɗan fada. Da gidansu ya koma kiɗan sarauta a Maradun, ya zauna ƙarƙashin Kurna yana amshi har ya samu ƙungiyarsa, kuma kotso ya riƙa. Kotso bakinsa ɗaya ne ke da fata, ɗayan a buɗe yake. Ana liƙa nake a tsakiyar fatar, a buga da yatsu ba da gula ba, ɗaya hannun na matsa tsarkiya don amo ya hau ko ya sauka. Kayan kiɗa ne mai natsuwa, irin na zaman fada. Amma a hannun yaran Ɗanƙwairo sai ya samu gaggawar gona. Saurari "Mai Dubun Nasara", wadda ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello: jagora bai ida ɗan waƙa ba 'yan amshi sun cafe, sun yi ƙari, sun dawo gindi, kiɗa bai numfasa ba. Ibrahim Narambaɗa, wanda shi ma kotso ya kaɗa, ya fi shi tafiya a hankali da zurfin azanci. Ɗanƙwairo kuwa jini yake motsawa.

Ya waƙe 'Yandoton Tsafe da Sarkin Daura Muhammadu Bashar da attajirai da dama, ya rasu a 1991, shekara 5 kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara.

Abin da ke damuna shi ne makarantar da ta haife shi. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun adana waƙoƙin a rubuce, rediyo da wayoyi sun riƙe muryar. Gayyar ce ke ɓacewa. A yammacin Zamfara 'yan bindiga sun hana mutane da yawa gonakinsu na nesa, wasu ƙauyukan sun watse zuwa Anka. Tsofaffin da suka iya ɗaure fatar kotso da haɗa nake suna nan da sauransu, kuma ya kamata sassan Hausa na jami'o'in Gusau da Sakkwato su je su ɗauki hannunsu a bidiyo tun suna iya bugawa.