Duwatsu goma sha biyu a Gilgal

Yau daga Dutsi nake magana, kuma kun san mu Katsinawa "dutsi" muke ce wa dutse. To, a kan duwatsu za mu yi hira.

Bayan na gama bautar ƙasa na yi shekara biyu ina yawo da takardu, ba aiki. Ana cikin haka aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota zuwa Katsina ma ya zama abin lissafi. Gaskiya na karaya. Wata rana kakata ta ce, "Kai yaro, ka san yunwar 1973?" Ta ba ni labarin yadda suka wuni da tafasa da rama, amma ga su da rai. Daren nan na buɗe Littafi Mai Tsarki, na tarar ashe dabararta tsohuwa ce.

A littafin Joshuwa sura 4, da Isra'ilawa suka haye Kogin Urdun a kan busasshiyar ƙasa, an umarci mutum 12, ɗaya daga kowace kabila, su ɗauko dutse ɗai-ɗai daga tsakiyar kogin. Aka kafa su a Gilgal. Dalili? Don wata rana yara su gani su yi tambaya, iyaye su ba su labari. Wato an san mutum mai mantuwa ne, sai aka ajiye masa shaida a inda zai yi tuntuɓe da ita.

Haka Sama'ila ya yi a 1 Sama'ila sura 7. Filistiyawa sun taɓa cin Isra'ila da yaƙi har suka ƙwace akwatin alkawari. Bayan shekaru, da Allah ya ba su nasara, ya kafa dutse kusa da Mizfa ya sa masa suna Ebenezer, wato dutsen taimako. Ku lura, Filistiyawa ba su ƙare ba, sun sake dawowa a zamanin Saul. Dutsen nan bai yi alkawarin wahala ta ƙare ba, lissafin abin da aka riga aka tsallake ne.

'Yan'uwana Musulmi, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinku. Azumin Ashura yana tuna ranar da Allah ya kuɓutar da Annabi Musa daga Fir'auna, labarin da Yahudawa ke tunawa da Idin Ƙetarewa.

Mu ma a jihar nan muna da namu. A Disambar 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, cikin mako guda suka dawo. Na san akwai gidajen da har yau nasu bai dawo ba, kuma ba zan ce musu su yi murna ba. Amma wanda ya manta an taɓa dawowa, shi ne yake daina nema, ya daina matsa wa hukuma.

Ga aikin wannan makon. Ka samu tsoho ɗaya a gidanku, ka tambaye shi wace masifa ce ya zaci ba za ta wuce ba. Ka ɗauki muryarsa a waya, ka ajiye. Ni na kakata na nan, nakan kunna in abin ya yi nauyi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.