Tudun Jos Da Ruwayen Da Ke Faɗowa Daga Gefensa

Kowace shekara, da zarar damina ta ja baya, sai makarantu da ma'aikata su shiga shawarar inda za su tafi shan iska. Masu hali su kan nufi ƙasashen waje, marasa hali kuwa su haƙura da gida, kamar babu wani abin kallo tsakanin ƙofar gidansu da filin jirgin sama. Muna so mu jawo hankalin masu karatu, musamman malaman makaranta da iyayen yara, ga tuddai masu sanyi da wuraren faɗuwar ruwa da Allah ya ajiye mana a ƙasar nan, da kuma yadda ya kamata a je masu. Gama zuwa iri biyu ne. Akwai wanda zai je ya ci shinkafarsa, ya ɗauki hoto, ya komo bai ƙaru da kome ba, akwai kuma wanda zai komo ya san inda ruwan da ya ke sha ya fito.

Al'adar hawa tudu don hutawa Turawan mulki ne suka yaɗa ta. A Indiya, zafi da zazzaɓi sun dame su ƙwarai, har a shekarar 1864 suka mai da garin Simla, wanda ke kan duwatsu wajen ƙafa 7,000 bisa teku, ya zama mazaunin gwamnati lokacin bazara. Kowace shekara sai a kwashe takardu da akawuna daga Kalkata a hau dutse, in zafi ya wuce a sauko. Jamusawa ma a Kamaru sun mai da hedkwatarsu Buea, a gindin babban dutsen ƙasar, a 1901. Dalilin ba boyayye ba ne: duk ƙafa 1,000 da mutum ya hau, zafin iska ya kan ragu da misalin digiri 2. To, garin Jos yana wajen ƙafa 4,000 bisa teku, duwatsun Shere da ke gabas da shi kuwa sun kai ƙafa 6,000. Shi ya sa a watan Afrilu, sa'ad da mutumin Sakkwato ke kwana a tsakar gida yana fifita, na Jos kan ja mayafi da dare. A Disamba da Janairu kuwa ruwan buta kan gagari hannu da asuba.

Amma fa ba don hutu aka kafa Jos ba, don kuza ne. Saboda ita aka ja ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya isa Jos a 1914, aka rufe shi a 1957, aka kuma kawo babban layi ta Kafanchan a 1927. Hutawa daga baya ta biyo, da Turawan gwamnati da na mishan suka ga wurin ya yi kama da ƙasarsu, har yanzu ma sunan Hill Station yana nan a kan wani tsohon masauki na garin. Mutanenmu da suka hau tudun a zamanin nan, leburorin haƙar kuza ne da fatake da mahauta da maɗinka. Neman abinci ya kai su, ba kallon dutse ba. Daga nan ne, a ganinmu, aka gaji ra'ayin nan cewa tsayawa kallon ruwa ko dutse aikin Bature ne ko na wanda ba shi da abin yi. Turawa sun tafi tun 1960, ra'ayin bai bi su ba.

Ga abin da ya sa muka ce hasara ce. Tudun Jos rumbun ruwa ne na babban yanki na Arewa. Iskar damina da ke tasowa daga kudu maso yamma, ɗauke da laima, in ta ci karo da gefen tudun sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da abin da ta ɗauko. Jos kan sami ruwan sama misalin inci 55 a shekara, wanda ya fi na Kano nesa ba kusa ba. Ruwan nan sai ya watsu ta kowace fuska. Kogin Kaduna daga nan ya taso, kusa da Vom, ya ratsa garin Kaduna, ya juya injinan lantarki na Shiroro, ya wuce Zungeru ya faɗa Kwara. Gongola ta gangara gabas, ta bi ta Dadin Kowa, ta sadu da Binuwai a Numan. Ɗan rafin Dilimi da ke ratsa tsakiyar Jos, wanda baƙo zai iya rainawa, yana cikin ruwayen da su ke haɗuwa su zama kogin Jama'are, shi kuma ya gamu da na Haɗeja su nufi tafkin Cadi. Watau ruwan sama ɗaya, in ya sauka wannan gefen tudu ya ƙare a tekun Atlantika, in ya sauka wancan gefe ya ƙare a bakin Sahara.

Mu da mu ke aikin horon malamai mun sha tambayar ɗalibai inda kogin Kaduna ya taso. Da yawa su kan zana shi a taswira daidai, da jan alli da shuɗi, su rubuta sunan tudun ba kuskure. In aka ce su faɗi yadda wurin ya ke, ko me ya sa kogi ke tasowa daga tudu ba daga kwari ba, sai aji ya yi tsit. Kuma waɗannan su ne gobe za su tsaya gaban yara arba'in ko fiye su koyar da labarin ƙasa. Wanda bai taɓa ganin ƙasa ta tashi sama ba, ta yaya zai bayyana wa yaron Gumel abin da a ke nufi da gefen tudu? Gani ya kori ji.

Wuraren faɗuwar ruwa galibi a gefen tudun su ke, ta kudu da yamma, inda ƙasa ta yanke ta yi ƙasa gaba ɗaya. Dutsen wurin mai tauri ne ƙwarai, ruwa bai iya cinye shi ya yi wa kansa gangara mai sauƙi ba, saboda haka sai ya yi tsalle. Mafi sauƙin zuwa shi ne Assop, misalin mil 40 daga Jos a kan hanyar Akwanga, wajen Hawan Kibo inda manyan motoci ke nishi. Daga bakin titi tafiya kaɗan ce. Abin da zai fara ba baƙo mamaki ba ruwan ba ne, itatuwan ne. A bisa tudu ciyawa ce da duwatsu da shingen ƙerana kewaye da gonakin acca, amma a kwarin nan sai ga kurmi mai duhu, domin feshin ruwa yana jiƙa shi rani da damina. Tsakanin wuri biyun bai fi jifa ba. Malamin da ya tsai da ɗalibansa a nan ya ce su dubi sama su dubi ƙasa, ya gama darasin da zai ci masa mako guda a allo.

Kusa da Kafanchan akwai Matsirga, inda ruwan da ya fito daga duwatsun Kagoro ya ke rabuwa kashi kashi ya faɗo daga tsawon da ya kusa ƙafa 100. Tun daga nesa a ke jin rugugi. In mutum ya ba rana baya ya fuskanci feshin, ya kan ga bakan gizo a gabansa, kusa kamar ya taɓa, ba kuwa hadari ko ɗaya a sama. Farin Ruwa, a ƙasar Wamba ta Jihar Nasarawa, ta fi su duka tsawo, wajen ƙafa 500, sai dai zuwanta sai an shirya, da mota mai ƙarfi da kuma tafiyar ƙasa. Gurara kuwa, a Jihar Neja, a ratse daga hanyar Suleja zuwa Minna, ta yi nisa da tudun, kuma girmanta a faɗi ya ke, ba a tsawo ba. A Satumba ruwanta ja ne, ya rufe duwatsu duka yana ruri. A Fabrairu ya kan janye ya yi garau, ya bar falalen dutse da rairayi. Wanda ya gan ta sau ɗaya, rabinta ya gani.

Jan ruwan nan abin lura ne. A cika kwalba da shi a ajiye zuwa safiya, za a ga laka ta kwanta a gindi. Lakar nan ƙasar gonar wani ce. Inda aka sare itatuwan bakin rafi don gawayi, aka yi noma har gaɓa, ruwan sama ba ya samun abin da zai riƙe shi ya nutse. Sai ya kwashe ƙasa ya gudu gaba ɗaya da damina, da rani kuma rafi ya ƙafe da wuri. Mai kallo a gindin mafaɗa yana ganin sakamakon abin da a ke yi mil da yawa can sama, haka nan mai noman rani a Jama'are ko a bakin Gongola.

Kada kuma a ɗauka ruwan nan ƙawa kaɗai gare shi. Tun cikin shekarun 1920 masu haƙar kuza suka sa injin lantarki a mafaɗar Kwall, kamfanin NESCO da aka kafa a 1929 kuma ya kafa nasa a Kurra. Tudun Jos ya sha wutar da ruwa ya ke bayarwa shekaru wajen 40 kafin a gama madatsar Kainji a 1968.

Yanzu sai maganar da ta fi kowace nauyi. Wuraren nan suna cin rai, kuma galibi ran samari ne masu ganin sun iya iyo. Yaron da ya koyi iyo a kududdufin bayan gari bai san irin wannan ruwa ba. Ruwan da ya faɗo daga sama ya kan haƙa rami mai zurfi a gindinsa, yana juya duwatsu a ciki shekara da shekaru. A cikin ramin ruwa ba gaba ya ke tafiya ba, nutsawa ya ke yi ya taso ya komo baya, ya sake nutsawa, duk abin da ya shiga sai ya yi ta juya shi. Farin kumfan nan mai ban sha'awa kuwa rabinsa iska ne, ba ya ɗaukar jikin mutum kamar ruwa sosai. Ga sanyi mai ɗaure jijiya, ga gansakuka a kan dutse mai santsi kamar sabulu. Har wa yau a kan yi ruwan sama can bisa tudu alhali rana na haskawa a ƙasa, kafin a ankara rafin da aka tsallaka da ƙafa ya cika ya batse. A zamanin nan kuma an sami ƙarin wata fitina, watau ja da baya zuwa bakin dutse don ɗaukar hoto da waya. Tafkunan da haƙar kuza ta bari a kewayen Jos da Bukuru su ma haka, ruwansu a kwance kamar na tasa, amma gaɓarsu a miƙe ta ke, babu wurin dafawa.

Saboda haka shugaban makarantar da zai aika da yara, wajibi ne wani malami ya riga su zuwa ya ga wurin da idonsa. A raba yara ƙungiya ƙungiya, kowace da malaminta, a ƙidaya su wajen sauka da wajen hawa mota. A hana shiga ruwa a gindin mafaɗa, hani ba na wasa ba. A kuma nemi ɗan gari ya yi jagora, a biya shi hakkinsa. Baƙo ko da ido makaho ne.

Wannan ya kawo mu ga masu wurin. Babu dutse ko ruwa a ƙasar nan da ba shi da masu shi. Birom da Afizere da Anaguta suna kewayen Jos, Irigwe a wajen Kwall, Fantswam a Kafanchan, Gbagyi a Gurara, kuma waɗansu wuraren suna da alfarma a wurinsu tun kaka da kakanni. Ladabi shi ne a fara gai da dagaci ko mai unguwa, a tambayi inda a ke takawa da inda ba a takawa, kada a ɗauki hoton mutum sai da izininsa, a kuma kwashe leda da robar ruwa a tafi da su. Ba ma ɓoye cewa tun rikicin Jos na 2001 da waɗanda suka biyo baya, mutane da yawa sun ɗauke ƙafa daga tudun, har an sami samari a Kano da Katsina waɗanda ba su san kome game da Filato ba sai mugun labari, a can ma akwai irinsu game da mu. Lalle ne a binciki lafiyar hanya wurin hukuma da mutanen gari kafin a tashi, a kuma yi tafiya da rana. Amma in hanya ta yi kyau, motar ɗalibai da ta tsaya a ƙauye, aka gaisa, aka sayi dankalin Turawa da tumatir da acca, ta yi wani aiki wanda wa'azin rediyo bai iya yi ba. A Jos kuma kada a wuce gidan kayan tarihi da aka buɗe a 1952, inda a ke ajiye da kawunan yumɓu na Nok, waɗanda haƙar kuza ce ta fara tono su.

Mai dogon hutu da ƙarfin aljihu ya nufi Mambila a Jihar Taraba, wadda ta fi Jos tsawo da sanyi, sama da ƙafa 5,000. Hanya ta kan hau tana nannaɗewa kamar maciji kafin a kai Nguroje da Gembu, sai ga tuddai kore shar, da shanun Fulani, da gonakin shayi a Kakara. Yankin yana cikin ƙasar da ta zaɓi shiga Nijeriya a ƙuri'ar 1961. Dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, Chappal Waddi, mai kusan ƙafa 8,000, yana wannan nahiya a kan iyakar Kamaru. Tafiyar kwanaki ce, ba ta makarantar firamare ba.

Game da lokaci, mu dai mun fi son ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Ruwa bai janye ba tukuna, hanyoyin ƙauye sun fara bushewa, hazo kuma bai rufe duwatsu ba. A tafi da rigar sanyi da takalmi mai kama ƙasa, ba silifa ba. Kowane ɗalibi ya riƙe littafi da fensir. Malami kuma ya sa ma'aunin zafi a aljihu, a duba shi a inuwa a Akwanga, a sake dubawa a inuwa da an gama Hawan Kibo, yara su rubuta lambobin biyu da hannunsu.