Zango a Duwatsun Azbin

Kowa ya san sunan Azbin, gama daga can aka ce Gobirawa suka fito, mutanenta kuma su ke kawo gishirin Bilma a kan raƙuma. Duwatsu ne a cikin hamada, arewa da Agadas. A shekarar 1988 Gwamnatin Nijar ta keɓe gabashinsu, tare da wani yanki na rairayin Tenere, kusan murabba'in mil 30,000, don kiyaye namun daji da itatuwa.

Wanda ke son hawansu sai ya jira hunturu, ya nemi izinin hukuma, ya sami ja-gora Ba'azbine wanda ya san rijiyoyi, don a nan wanda ya ɓata ƙishirwa ce ajalinsa. A yi sammako, in rana ta take a nemi inuwa. Da dare sanyi yakan tsananta, sai da bargo. Kada a kafa tanti a cikin busasshiyar ƙorama, musamman da damina, gama ruwa yakan sauka a kan dutse can nesa, ya kwararo ya kwashe mutum yana barci. Kada a zuba sabulu a tafki, shi mutane da dabbobi ke sha.

To, malaman gobe, ko Dutsen Dala za ku kai yara, ku fara tanadin ruwa.